Tsautsayi ne ko cuta? Amsa ga wata malama kan raunukan yara

Wata malama mai shugabantar makarantar Islamiyya ta aiko da wannan tambaya: "Likita, a wani taron bita an ce mana raunukan da yara ke ji, irin su ƙuna da karaya da haɗarin mota, wai matsala ce ta lafiyar al'umma kamar ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ni dai maganar ba ta shige ni ba. Cuta tana da ƙwayarta, tana da allurarta. Shi kuwa tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa. Ta ina suka haɗu? In kuwa haka ne, me irina za ta iya yi?"

Malama, Allah ya saka da alheri. Ni ma da irin wannan tunani na fara aiki, kuma abin da ya sauya mini shi shi ne babban littafin rajista na ɗakin gaggawar yara. Bayan 'yan shekaru ina cike shi, sai na lura cewa in aka faɗa mini watan da ake ciki, zan iya faɗin irin yaran da za a kawo tun kafin su iso. Da hunturu ya kama, gadaje sai su cika da ƙuna: wanda ya faɗa kaskon garwashi ana jin ɗumi, da wanda ruwan wankan safe ya kwararo masa. Mangwaro na nuna, sai karayar hannu ta 'yan shekara 7 zuwa 12, kusan dukansu maza. Da azumi, tsakanin la'asar da shan ruwa, man tuyar ƙosai ne da kunu. Da sallah kuwa babur. Damina na sauka kududdufai su cika, sai dai su yaran da suka nutse yawancinsu ba a ma kawo mana su. To, abin da ke da lokacinsa, da shekarun da yake kamawa, da wurin da ya saba aukuwa, abu ne da za a iya yi wa shiri. Abin da masana ke nufi da matsalar lafiyar al'umma ke nan: abu mai yawa, mai bin hanya guda, wanda za a iya tarewa tun daga tushe maimakon a zauna a asibiti ana jiran sa ɗaya bayan ɗaya.

Yawan nasa kuwa ba na wasa ba ne. A watan Disamba na 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da babban rahoto kan wannan batu. Sun ƙiyasta cewa yara 'yan ƙasa da shekara 18 kimanin 830,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar raunin da ba da gangan aka ji musu ba, wato sama da 2,000 kowace rana ta Allah. Haɗarin hanya ne kan gaba da kusan 260,000, sai nutsewa a ruwa 175,000, ƙunar wuta 96,000, faɗowa daga sama 47,000, shan guba 45,000. Kimanin kashi 95 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa, wato irin namu. Har yau kuma hukumar tana cewa babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Duniya ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen rigakafi da maganin gudawa da gidan sauro, har mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022. Amma yaron da aka sha wahala aka tsallakar da shi daga ƙyanda yana ɗan shekara 2, shi ne mota ke bankewa a hanyar makaranta yana ɗan shekara 8, kuma babu wani shiri da ke jiran sa a bakin titin. Waɗanda suka mutu ma su ne 'yan kaɗan ɗin da ake iya ƙirgawa. Bayansu akwai wanda aka yanke wa hannu, da yarinyar da ƙuna ta manne mata haɓa da ƙirji, da gidan da aka sayar da awaki da gona don kuɗin aiki. Shi kuwa yaron da ya nutse da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura, sunansa bai shiga littafin kowace hukuma ba.

Batun ƙaddara kuwa, Malama, kin fi ni sani. Mun yi imani ajali na hannun Allah, na ƙyanda da na kududdufi duka, amma hakan bai hana mu kai yara rigakafi ba. Ke kike karantar da ɗalibai cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma ya hana a bar wuta a gida in za a kwanta barci. Duk aikin da muke yi a wannan fanni, ɗaure raƙumi ne.

Kin ce cuta tana da ƙwayarta. Wani likitan Amurka mai suna William Haddon, wanda ya shugabanci hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasarsu a shekarun 1960, amsar wannan magana ya bayar. Ya ce rauni ma yana da tasa ƙwayar: zafi, ko gudu, ko nauyi, ko guba, da suka fi ƙarfin jiki. Ya ce a duba abu uku, wato mutumin da abin ya sama, da abin da ya ji masa, da wurin da abin ya faru, sannan a duba kowanne a lokaci uku: kafin, da lokacin, da bayan aukuwar abin. Ɗauki tukunyar kunu. Kafin: murhun a ƙasa yake ko a kan dakali, akwai shinge ko babu? Lokacin: wane irin tufafi ne a jikin yaron? Bayan: me aka zuba masa, kuma awa nawa aka yi kafin a isa asibiti? Kowace tambaya ƙofa ce da za a iya rufewa. Babban darasin da aka koya daga nan shi ne, gyara kaya da wuri ya fi yawan gargaɗi amfani nesa ba kusa ba. A Amurka an daɗe ana yi wa iyaye faɗa su ɓoye magunguna, amma da aka yi doka a 1970 cewa a sa wa kwalaben magani murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, sai mutuwar yara ta wannan hanya ta ragu sosai. Mutanen Suwidin tun a shekarun 1950 suka ɗauki raunin yara a matsayin aikin hukumar lafiya, yau kuma suna cikin ƙasashen da abin ya fi ƙaranci a duniya.

Dalilin da ya sa gargaɗi kaɗai ba ya isa a fili yake. Jikin yaro da hankalinsa ba irin na babba ba ne. Kan ɗan shekara guda ya fi sauran jikinsa rinjaye, shi ya sa in ya leƙa bokiti sai ya kife ciki ya kasa fitowa. Fatarsa siririya ce, ruwan da zai ɗan jajanta hannun babba shi zai saɓule masa ita. Ɗan firamare gajere ne, direba ba ya hango shi a bayan motar da ke tsaye, kuma sai ya kai wajen shekara 10 kafin ya iya auna gudun motar da ke tahowa. Saurayi kuwa ya san haɗarin sarai, amma idon abokai ya fi masa ƙarfi. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Gaskiya ne, amma wata wutar in an taka ta sau ɗaya ba a sake takawa.

Bari in ɗan tsaya a kan ruwa, don shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana zaton mai nutsewa yana ihu yana fantsama ruwa. Ƙaramin yaro shiru yake nutsewa, cikin 'yan mintuna, kuma ruwan da bai kai tsawon yatsa biyu ba ya isa. Ba na manta wata uwa da ta shigo mana da gudu, ɗanta ɗan wata 14 a kafaɗa, hannunta duk kumfar sabulu. Wanki take yi a tsakar gida, ta shiga ɗaki ɗauko sauran kaya, ta tsaya amsa sallamar maƙwabciya ta kan katanga. Da ta juyo, ƙafafunsa kawai ta gani a saman bokitin ɗauraya. Akwai manya uku a gidan a lokacin, babu wanda ya ji komai. Ba mu samu ceto shi ba.

A Bangaladash, inda ruwa ya kewaye gidaje, nutsewa ce kan gaba wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 4. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka ga yawanci abin yana faruwa ne tsakanin ƙarfe 9 na safe da 1 na rana, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki, kuma a ruwan da ke 'yan taku kaɗan daga gida. Sai suka buɗe wuraren reno a ƙauyuka: mace guda da mataimakiyarta su tara yaran unguwa a ɗaki ɗaya na tsawon waɗannan awanni. Nutsewa a cikin yaran da ke zuwa wuraren ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Babu na'ura, babu allura. Mu ma da muke da kududdufan da aka haƙa ƙasar gini aka bari, da rijiyoyi marasa murfi a tsakar gida, wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba. Ga kuma kwalekwale. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne daga ƙauyen Badau da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Na kawo miki wannan ne don irin ɗalibanki ne.

Ƙuna ita ce raunin da rahoton 2008 ya nuna ya fi kashe 'yan mata a kan maza, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san dalili. Ita ake aika wa bakin murhu, ita ke tsugune gaban kaskon awara, da dogon hijabi na yadin roba wanda in ya kama wuta yake narkewa ya manne a fata. Shi wannan hijabin ne kuma ke shiga tayar babur ko belin injin niƙa. Abin da ya fi ba ni takaici a ƙuna shi ne abin da ake yi bayan ta auku. Sau da yawa yaro zai iso an lafta masa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko ƙullu, wani ma baƙin mai. Sai mun kankare duk wannan kafin mu ga ciwon, yaron yana tsala ihu, ƙwayoyin cuta kuma sun riga sun samu shiga. Maganin farko na ƙuna ruwa ne, ruwan famfo ko na randa mai tsabta, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire rigar in ba ta manne ba, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi, a rufe ciwon da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, sai asibiti.

A makaranta kuwa, wuta takan ci da yawa a lokaci guda. A watan Afrilu na 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Yamai. A watan Nuwamban wannan shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25 'yan shekara 5 zuwa 6. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙauran Namoda. Kara ko zana, wuta a kusa, yara cunkushe, mafita ƙarama: duk inda waɗannan suka haɗu, haɗarin ɗaya ne.

Guba ma a cikin gida take. Kananzir a robar lemo, yaro mai ƙishirwa ya ɗauka ya kurɓa. Nan take sai a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Wannan aman shi ne haɗarin, domin kananzir a huhu yake ɓarna, kuma wajen amai yake shiga can. Haka sodar da mata masu sabulu ke jiƙawa a kofi, fara tas kamar ruwa: kurɓa ɗaya takan ƙone maƙoshi ya tsuke, yaro ya yi shekaru ba ya iya haɗiyar tuwo. Ga fiya-fiya a ƙarƙashin gado. Duk wanda ya sha ɗaya daga cikin waɗannan, kada a sa shi amai, a tafi da shi asibiti tare da robar. In kuma kina son ganin inda guba ta zama annoba sosai, ki tuna Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gidaje ake daka duwatsun zinare, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitocin nan na gari na kowa, MSF, ta ba da magani, amma sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar aka fitar da dakan daga cikin gidaje, don in ba haka ba yaro yana warkewa zai koma ya sake kwasa.

A kan titi, gudu ne tushen ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a kilomita 50 sau huɗu da rabi. Shi ya sa ake ba da shawarar kada a wuce 30 a gaban makarantu. Yaranmu kuwa a kan titin suke yini: 'yar talla da tire a ka tana bin motar da ta ba ta kuɗi, almajiri da ƙoƙonsa, ɗalibai tara a cikin adaidaita sahu ɗaya. Hular kwano tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, amma tun da aka yi yunƙurin tilasta ta a farkon 2009 aka yi ta ja-in-ja, maganar ta bi ruwa. Uba ya miƙa wa ɗan shekara 13 makullin babur yana alfahari ɗansa ya iya. Ni na ga inda irin wannan iyawar take ƙarewa, kuma ina roƙon iyaye su daina.

Karaya ita kanta a yaro takan warke da wuri. Abin tsoro shi ne ɗaurin da ya yi tsauri. Ban raina masu ɗori ba, mutane sun yarda da su kuma su ne a kusa. Amma karayar gwiwar hannu, wadda faɗowa daga bishiya ke yawan jawowa, tana daf da babbar jijiyar jini. In aka tamke ta da kara, hannun ya kumbura a ciki, jini sai ya yanke. Yaro ya kwana yana kuka ana ce masa ya yi haƙuri ɗori ne ke kamawa, kwana uku yatsu sun yi baƙi, mu kuma ba abin da ya rage mana sai yankewa. In yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko yaro ya ce ba ya jin su, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a wannan sa'ar, ba gobe ba.

Akwai abu ɗaya da ba na yarda da shi, wato ɗora wa uwa laifi. Da abu ya faru, kalmar farko da ake ji ita ce sakaci. Matar da ke ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu, nan ne kicin nan ne wurin wasa, ga surfe ga ɗiban ruwa, ido biyu gare ta kamar kowa. Uwar nan mai kumfar sabulu a hannu ba ta yi abin da sauran mata ba sa yi kullum ba. Murfin rijiya aikin maigida ne. Cike kududdufi ko kewaye shi aikin unguwa ne da ƙaramar hukuma. Rage gudu a gaban makaranta da hana lodin kwalekwale aikin gwamnati ne. In aka tattara duk wannan aka jibga wa mace ɗaya, an huce haushi ne kawai, rijiyar kuma tana nan a buɗe.

Yanzu ga abin da ke hannunki. Gobe kafin ɗalibai su zo, ki zaga makarantar, ki riƙa durƙusawa kina duban wurin daga tsayin ɗan shekara 4. Za ki ga wayar lantarkin da ta saɓule, da ramin masai da murfinsa ya tsage, da tankin ruwan alwala a buɗe, da benen da ba shi da makari. Ki duba ƙofar kowane aji: tana buɗewa waje? Ana kulle ta da yara a ciki? Mai tuyar awara tana nesa da zana? Lokacin tashi, a sa babban mutum ya tsaya a bakin titi ya tsallakar da ƙanana rukuni-rukuni, ku kuma rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuna neman a yi tudun rage gudu a gaban makarantar. In za a yi tafiyar Maulidi ko musabaƙa, ke za ki ƙirga yaran da za su shiga mota ko jirgi, ba direba ba, kuma in ta ruwa ce babu rigar kariya, a fasa. Ki nemi 'yan agaji ko ma'aikatan Red Cross su zo su koya wa malamanku da manyan ɗalibai taimakon farko, musamman yadda ake hura wa wanda aka tsamo daga ruwa numfashi a danna masa ƙirji, don har yanzu mutane cikinsa suke matsawa ko su zazzage shi kai ƙasa, lokaci yana ƙurewa. A rubuta lambar gaggawa 112 da ta FRSC 122 a bangon ofis.

A taron iyaye kada ki cika su da bayani. Abu uku sun isa a zama ɗaya: ruwa ga ƙuna na minti 20, kada a sa wanda ya sha kananzir amai, a kife bokiti da baho da zarar an gama aiki. Sannan ki sayi littafi ɗan ƙarami ki ajiye a ofis. Duk ɗalibin da ya ji rauni, a makaranta ne ko a gida ko a hanya, a rubuta shekarunsa, da ranar, da lokacin, da wurin, da abin da ya ji masa. Bayan zango biyu ki buɗe ki karanta. Za ki tarar mahaɗar titi guda, ko kududdufi guda, ko bishiya guda tana ta maimaituwa, kuma da wannan littafin za ki je wurin mai unguwa da kansila.